Doka da daji a Nijar: abin da ake hangowa daga unguwar Lazare

Taƙaitawa

Wannan takarda tana bin sawun dokokin kare dazuzzuka a ƙasar Nijar daga 1935 zuwa 2020. Mun ɗauki unguwar Lazare ta birnin Yamai a matsayin wurin tsayawa, domin daga nan ana ganin abu biyu: shingen itatuwan da aka dasa kewaye da birni, da itacen girkin da ke shigowa daga karkara. Za mu nuna cewa ƙarfin dokar daji yana rataye ne ga amsar tambayoyi uku: ƙasar ta wa ce, itacen na wa ne, kuma wa ke cin amfaninsa. A ƙarshe za mu duba inda amsar waɗannan tambayoyi ta kasa wadatarwa wajen kare ire-iren halittu.

1. Gabatarwa

Unguwar Lazare (Lazaret), wadda ke cikin da'ira ta biyu ta birnin Yamai, tana da tarihin da ya haɗa ta da batun da muke son nazari. A lokacin farin 1973 zuwa 1974, a nan ne aka kafa sansanin da ya karɓi dubban mutanen da yunwa ta koro, akasarinsu makiyaya daga arewacin Nijar da Mali. A wancan lokaci wurin bayan gari ne. Cikin wannan fari ne, ranar 4 ga Maris 1974, aka sa hannu ga doka mai lamba 74-7 wadda ta tsara sha'anin dazuzzuka, makonni kaɗan kafin sojoji su kifar da gwamnatin Diori Hamani a ranar 15 ga Afrilu. Wato unguwar da dokar kusan sa'o'in juna ne.

Tun daga nan birnin ya yi girma ƙwarai. Mutanen Yamai ba su wuce kimanin 30,000 ba a 1960. A ƙidayar 1988 sun kusa 400,000. A ta 2012 sun haura miliyan ɗaya. Lazare ta koma tsakiyar gidaje, kasuwar dabbobi ta Turaku tana ci a cikinta, kuma mafi yawan gidajenta, kamar sauran gidajen birnin, da itace ko gawayi suke dafa abinci. Mai sayen ƙullin itace a bakin hanya ba ya tambayar dajin da aka saro shi, amma akwai doka a bayan kowane ƙulli: wadda ta ce a sara ko kar a sara, wadda ta yanka haraji, da wadda ta faɗi mai daji. Manufarmu ita ce mu warware waɗannan dokoki ɗaya bayan ɗaya, mu ga abin da kowace ta yi nufi da abin da ta haifar.

2. Kalmomin aiki

Da yake da Faransanci ake rubuta dokokin Nijar, wajibi ne mu daidaita kalmomin da za mu yi amfani da su.

Za mu ce «doka» ga abin da majalisa ta zartar (loi), «umurnin doka» ga wanda shugaban ƙasa ya sa wa hannu a madadin majalisa (ordonnance), sannan «ƙuduri» ga takardar gwamnati mai fayyace yadda za a yi aiki da doka (décret).

«Gandun daji» shi ne dajin da aka keɓe da takarda, aka shata iyakarsa, aka taƙaita haƙƙin jama'a a cikinsa (forêt classée). «Daji mai kariya» kuwa shi ne sauran dajin hukuma da ba a keɓe ba (forêt protégée). A lura da cewa sunan yana ruɗarwa, domin kariyar wannan daji ba ta kai ta gandu ba.

Abin da ake kira biodiversité mun fassara shi da «yawan ire-iren halittu», wato bambancin da ke tsakanin jinsunan tsirrai da dabbobi, da wanda ke cikin jinsi guda, da na wuraren zamansu. Gestion durable kuma mun kira shi «tattali mai ɗorewa». Mun zaɓi kalmar tattali domin a Hausa tana ɗauke da ma'anar amfani da abu tare da kiyaye shi, kamar yadda uwar gida ke tattalin hatsin rumbu don ya kai ta kaka.

3. Gadon mulkin mallaka: 1935 da 1974

Tushen dokar daji a Nijar shi ne ƙudurin 4 ga Yuli 1935, wanda Faransa ta kafa wa dukan ƙasashen Afirka ta Yamma da ke ƙarƙashinta. Wannan ƙuduri ya tsaya bisa ra'ayin cewa duk ƙasar da ba kowa a kanta kuma ba ta da mai ita ta hukuma ce. Matsalar ita ce, a ƙasar Hausa da ta Zabarmawa da wuya a sami dajin da ba shi da mai shi. Akwai saurar da aka bar ta ta huta, akwai makiyaya da burtali, akwai dajin da gari ke saran itace da neman magani a cikinsa. Idon mai mulki bai ga gini ko shuka ba, sai ya ɗauka fili ne kawai.

Ƙudurin ya raba daji gida biyu, gandu da daji mai kariya, ya kuma ba ma'aikatan ruwa da dazuzzuka ikon kama mai laifi da cin sa tara. A ƙarƙashinsa ne aka keɓe mafi yawan gandayen dajin Nijar kafin samun ƴancin kai a 1960. Jimillar faɗinsu kimanin hekta 600,000 ce. A wannan zamani ne kuma aka keɓe wuraren namun daji, irin su dajin W da ya zama babban gandun ƙasa a 1954, da Gadabeji a 1955.

Dokar 1974 ba ta kauce wa wannan tafarki ba. Ta riƙe rabon daji gida biyu, ta riƙe ikon ma'aikata, ta kuma jera itatuwan da aka hana sarewa ko sassabe su ba da izini ba, irin su gawo, kaɗanya, giginya, goriba, tsamiya, ɗorawa, kuka da maɗaci. Niyyar mai kyau ce, domin waɗannan su ne itatuwan da suka fi amfani ga mutane da ƙasa. Amma hanin ya bi itace har cikin gonar mai shi. Manomin da gawo ya tsiro a gonarsa ya san cewa in ya bar shi ya girma, ranar da ya sare reshe zai iya haɗuwa da tara. Hanya mafi sauƙi gare shi ita ce ya cire tsiron tun yana ƙarami, kafin ya zama itacen da doka ta sani. Haka dokar da aka yi don kare gawo ta ba manomi dalilin hana shi girma. Wannan ba shi kaɗai ne sanadin ƙarewar itatuwa a gonaki ba; fari, da faɗaɗa noman gyaɗa, da koyarwar ma'aikatan gona ta share gona tas duk sun taimaka. Amma rabon doka a ciki ba ƙarami ba ne.

Gwamnatin Seyni Kountché ta mai da hankali ga dashe. Daga 1975 ranar 3 ga Agusta, ranar ƴancin kai, ta zama ranar dashen itace. A watan Mayu 1984 aka yi babban taron ƙasa kan yaƙi da hamada a Maraɗi, wanda ya fito da abin da ake kira Alkawarin Maraɗi. Taron ya ɗora wa kowace hukuma da kowane gari nauyin dasa itatuwa, ya kuma amince cewa aikin ba zai yiwu ba sai da hannun jama'a. Sai dai dokar da ke aiki ba ta canja ba har shekaru ashirin bayan haka.

4. Shingen itatuwan Yamai: dashe ba tare da warware batun ƙasa ba

Misalin da ya fi kusa da Lazare shi ne shingen itatuwan da ya kewaye birnin ta arewa da gabas (ceinture verte). An fara dasa shi a 1965, aka ci gaba har farkon shekarun 1990. Tsarinsa shi ne ɗamara mai tsawon kimanin kilomita 25 da faɗin kilomita ɗaya, wato kusan hekta 2,500, akasari dogon yaro, wanda wasu ke kira bedi, da turare. An so ya tare iska da ƙurar hunturu, ya rage zafi, ya kuma zama iyakar birni.

Ta fuskar aikin daji an yi nasara, domin itatuwan sun kama. Ta fuskar doka ne aka bar baya da ƙura. Filayen da aka dasa shingen a kansu gonakin gado ne na iyalan ƙauyukan da birnin ya tarar. Nijar tana da dokar karɓe fili don amfanin jama'a tun 1961 (doka mai lamba 61-37), wadda ta shimfiɗa matakai: a bayyana amfanin, a binciki masu haƙƙi, a biya diyya. A yawancin filayen shingen ba a kammala waɗannan matakai ba. A zamanin jam'iyya ɗaya da na soja masu gonaki sun yi shiru, wasu ma sun ci gaba da noma a tsakanin layukan itatuwa. Bayan Babban Taron Ƙasa na 1991 bakuna suka buɗe. Sannan umurnin doka mai lamba 93-015 na 2 ga Maris 1993, wanda ya kafa ginshiƙan Kundin Karkara (Code rural), ya ce mallakar ƙasa tana samuwa ta hanyar al'ada kamar yadda take samuwa ta hanyar takarda. Magada suka sami hujja: in ba a biya kakanninsu ba, to ƙasar tana nan tasu.

Daga nan sai aka sami haƙƙi biyu a kan fili ɗaya. Hukuma tana cewa itatuwan nata ne, ita ta dasa. Iyalai suna cewa ƙasar tasu ce, su suka gada. A birnin da kuɗin fili ke hawa kullum, wanda ke da ƙasa ba shi da wata riba ga tsayuwar itacen da ba nasa ba. Aka shiga yanka filaye ana sayarwa, gine-gine suka shiga, wasu wurare suka zama juji, marasa galihu kuma suka kafa bukkoki a inuwar itatuwan. Ranar 9 ga Yuli 2004 gwamnati ta fito da ƙuduri mai lamba 2004-200 don kare shingaye da filayen itatuwa na birane, a 2008 kuma aka tashi masu bukkoki. Amma tashin talakan da ya raɓa bai amsa tambayar mai ƙasa ba, kuma birnin ya riga ya tsallake shingen, unguwanni sun kafu a bayansa. Abin da aka dasa don ya zama iyaka ya koma tsibiri a tsakiyar gari, ana gutsurarsa ta kowane gefe.

Darasin da muka ɗauka a nan shi ne, takardar hani ba ta isa ta tsare daji in asalin mallakar ƙasar yana cikin gardama. Da an biya diyya a 1965, lokacin da filin gona ne a bayan gari, da kuɗin bai taka kara ya karya ba. Yau kuwa da farashin filin birni za a yi lissafi.

5. Itacen girki: daga Gesalbodi zuwa kasuwannin karkara

Shingen bai taɓa ciyar da murhun Yamai ba. Itacen da ake sayarwa a Lazare daga dazuzzukan karkara yake fitowa, musamman na tuddan da ke yankunan Sayi da Torodi da Kollo, inda geza da sabara da tsiriri suka fi yawa. Har ƙarshen shekarun 1980 tsarin mai sauƙi ne: ɗan kasuwa ya sayi takardar izini a birni, ya tura mota da masu sara, su sari inda suka ga dama. Mutanen ƙauyen da dajin ke bayan gidansu ba su da ikon hanawa, ba su kuma samun ko dala. In haka ne, don me za su tsare shi?

Gwajin farko na sauya wannan hali an yi shi ne a gandun dajin Gesalbodi (Guesselbodi), mai faɗin kimanin hekta 5,000, wanda ke nisan kilomita 25 kudu maso gabas da Yamai. An keɓe shi tun 1948, amma hotunan sama sun nuna cewa tsakanin 1950 da 1979 ya yi asarar kashi 40 zuwa 60 cikin 100 na tsirransa. Wato shekaru talatin na zama gandu ba su kare shi ba. A farkon shekarun 1980, da taimakon Amurka, aka raba shi yanki goma, ana saran yanki ɗaya kowace shekara, a hana kiwo a wurin har shekaru uku don kututture ya tofo. Aka kuma kafa ƙungiyar mazauna ƙauyukan kewaye, ita ke sara ita ke sayarwa. Gwajin ya nuna abu biyu: itatuwan gida irin su geza da sabara suna tofowa in an sare su bisa ƙa'ida, kuma tattalin dajin da Allah ya tsirar ya fi dasa baƙin itatuwa arha.

A kan wannan ne umurnin doka mai lamba 92-037 na 21 ga Agusta 1992 ya ginu. Ya ƙirƙiro kasuwannin itace na karkara (marchés ruraux de bois). Ƙauye yana kafa kwamitinsa, a shata masa dajinsa, a yanka masa adadin da zai sara a shekara, ana aunawa da sitar (stère), wato tarin itace mai mita ɗaya ta kowace fuska. Ɗan kasuwa ya zo ya saya a kasuwar, kwamitin ne kuma ke karɓar haraji. Hikimar dokar tana cikin bambanta harajin. Itacen da aka saro daga dajin da ba shi da tsari ya fi kowane tsadar haraji, kuma kashi 90 cikin 100 na kuɗin baitulmali ke tafiya, ƙauye ba ya samun komai. A kasuwar da aka shata dajinta amma ba a gama tsara shi ba, ƙauye yana riƙe kashi 30. A kasuwar da dajinta ke da cikakken tsarin sara, haraji ya fi sauƙi kuma ƙauye yana riƙe kashi 50, ƙaramar hukuma ta karɓi 40, baitulmali 10. Manufa ita ce ɗan kasuwa ya ga ribarsa a wurin da ake tattali, ɗan ƙauye kuma ya ga tasa a tsayuwar daji.

Wannan tsari ya kai kuɗi ƙauyuka da dama, wasu ƙasashe irin su Mali ma sun kwaikwaye shi. Amma yana da rauni uku da ya kamata a faɗa. Na farko, duk ginin ya dogara ga binciken motoci a ƙofofin birni. In itacen da ba shi da takarda yana shiga cikin sauƙi, bambancin haraji ya zama banza. Na biyu, adadin sara yana buƙatar a riƙa sake ƙidaya itatuwa, aikin da ya yi rauni bayan ƙarewar kuɗin masu tallafi. Na uku, kwamitoci da yawa sun faɗa hannun ƴan tsiraru, makiyaya da mata kuma, waɗanda su ma da dajin suke rayuwa, ba su da murya sosai. A shekarun baya-bayan nan rashin tsaro a yankunan Torodi da Tamu ya ƙara wata matsala, domin akwai dazuzzukan da ma'aikaci ba ya iya shiga balle ya auna.

6. Itacen gona: sassabin zamani da dokar 2004

Canji mafi girma bai faro daga ofis ba. Daga 1983 zuwa 1984, a jahar Maraɗi, wani ma'aikacin mishan ɗan Ostareliya mai suna Tony Rinaudo tare da manoma suka shiga yaɗa dabarar da aka sani da sassabin zamani: maimakon a share duk tsiron da ya fito daga kututture, sai a zaɓi ƴan rassa masu ƙarfi a bar su, a rage sauran. Dabarar ba baƙuwa ba ce ga manoman ƙasar Hausa, kuma a wasu yankunan Damagaram mutane sun koma mata da kansu. Abin da ya ba ta ƙafa shi ne, a shekarun 1980 da 1990 hannun hukuma ya yi sako-sako a karkara, manoma suka fara ɗaukar itacen gonarsu a matsayin nasu. Binciken da Mahamane Larwanou da Chris Reij da Gray Tappan suka yi a shekarun 2000 ya ƙiyasta cewa itatuwa sun dawo a kan kimanin hekta miliyan 5 na gonaki, adadinsu ya kai wajen miliyan 200. Idan aka gwada da hekta 600,000 na gandaye, za a ga inda itatuwan Nijar suka fi yawa a yau.

Doka ta biyo baya a hankali. Doka mai lamba 2004-040 ta 8 ga Yuni 2004 ta maye gurbin ta 1974. Ta ɗauki dazuzzuka a matsayin dukiyar al'umma, ta amince da dazuzzukan ƙananan hukumomi da na masu zaman kansu bayan na gwamnati, ta tabbatar da haƙƙin amfani na al'ada kamar tsintar busasshen itace da ɗiban ƴaƴan itace da magani, ta kuma buɗe hanyar danƙa wa jama'ar wuri tattalin daji bisa yarjejeniya da tsari rubutacce. Sai dai ƙudurin da ya fayyace yadda za a yi aiki da ita bai fito ba sai 16 ga Maris 2018, wato bayan shekaru goma sha huɗu. A tsawon wannan lokaci ma'aikaci a karkara yana da sabuwar doka a hannu da tsohuwar al'adar aiki a kai. Ranar 30 ga Yuli 2020 ne ƙuduri mai lamba 2020-602 ya tsara sassabin zamani, ya amince da haƙƙin manomi a kan itatuwan da ya raina a gonarsa. Tsakanin fara aikin a Maraɗi da wannan amincewa akwai shekaru fiye da talatin da biyar.

7. Ina matsayin ire-iren halittu?

Nijar ta rattaba hannu ga yarjejeniyar Riyo ta 1992 kan yawan ire-iren halittu, ta tabbatar da ita a 1995, ta kuma tabbatar da ta yaƙi da hamada a 1996. A 1998 aka yi dokoki biyu: mai lamba 98-07 kan farauta da kare namun daji, da mai lamba 98-56 wadda ta zama uwar dokokin muhalli. A takarda, ke nan, ba a rasa komai ba. Amma misalan da muka kawo suna nuna cewa yawan itace daban, yawan ire-irensa daban.

Shingen Yamai kusan jinsi biyu ne, dukansu baƙi: dogon yaro daga Indiya, turare daga Ostareliya. Suna ba da inuwa, amma ba su maye gurbin dajin gida mai itatuwa da ciyayi iri-iri ba. Cutar bushewar dogon yaro da aka gani a Nijar a farkon shekarun 1990 ta nuna hatsarin dogara ga jinsi guda. Kasuwar karkara kuma da sitar take lissafi. Ba ta bambanta itacen da ke tofowa da wuri da wanda ke ɗaukar shekaru, irin ƙirya, wadda masu gawayi suka fi so. Manomi mai sassabin zamani shi ma yana zaɓe ne: yana barin gawo don taki da abincin dabba, kuka don miya, kalgo da sabara don itace. Abin da ba shi da amfani a idonsa, ko wanda kututturensa ya riga ya mutu, ba zai dawo ta wannan hanya ba.

Raƙuman dawa na Kure, kimanin kilomita 60 gabas da Yamai, sun isa misali. Su ne ragowar jinsinsu a duk Afirka ta Yamma. A 1996 ba su wuce 50 ba. Da kariyar doka da haɗin kan ƙauyuka suka haura 600 kafin 2018, shekarar da aka ɗauki takwas aka kai Gadabeji. Waɗannan dabbobi ba a cikin gandu suke zaune ba. Da damina suna kiwo a dajin tuddai, da rani su gangara Dallol Boso su ci ganyen gawo a gonakin mutane. Dajin tuddan nan kuwa irinsa ne ake sara don murhun birni. Dokar farauta ta hana kashe raƙumin dawa, amma makomar abincinsa tana hannun dokar itace da ta ƙasa. Tukunyar da ke kan wuta a Lazare da raƙumin dawan Kure daga irin daji ɗaya suke ci.

Akwai kuma batun inda aka keɓe. Manyan wuraren da Nijar ta keɓe, Ayar da Tenere a 1988 da Termit da Tin-Tumma a 2012, a hamada suke. Suna da muhimmanci ga namun dajin sahara, suna kuma ɗaga alƙaluman ƙasa idan ana maganar burin da duniya ta amince da shi a Montreal a 2022, na kare kashi 30 cikin 100 na doron ƙasa kafin 2030. Amma yawancin jinsunan itatuwa a kudu suke, inda jama'a ta fi yawa kuma fili ya fi tsada. Sauya iyakokin Termit da aka yi a 2019 saboda aikin man fetur ya kuma tuna mana cewa abin da ƙuduri ya keɓe, ƙuduri na iya buɗe shi.

8. Kammalawa

Mun ga hali huɗu. A gandayen daji ƙasa da itace duk na hukuma ne, amma ba wanda ke kusa da ke da riba ga tsaronsu. A shingen Yamai itace na hukuma ne, ƙasa kuma ana gardama a kanta. A kasuwannin karkara an ba ƙauye rabo cikin amfani, sai tsarin ya tsaya ko ya faɗi gwargwadon ƙarfin bincike. A gonaki ƙasa da itace sun haɗu a hannu ɗaya, nan ne kuma itatuwa suka fi dawowa. Wannan bai nuna cewa hukuma ta janye ba, domin mallaka tana kare abin da mai shi ke so ne kawai. Jinsunan da ba su da kasuwa, da hanyoyin namun daji, da haƙƙin makiyayi mai wucewa, sai doka ta tsaya musu.

Muna ganin akwai ayyuka uku da ke jiran masu bincike. Na farko shi ne tattara tarihin mallakar filayen shingen yanki-yanki, daga bakin magada da takardun hukuma, domin ba za a sasanta abin da ba a rubuta ba. Na biyu shi ne bin ƙullin itace daga mai sayarwa a Lazare har zuwa dajin da ya fito, a ga kashi nawa ya bi ta kasuwar karkara. Na uku ya shafi harshe: dokar 2004 da ƙudurin 2020 sun ba manomi haƙƙi, amma da Faransanci suka ba shi. Fassara su zuwa Hausa da Zabarmanci da sauran harsunan ƙasa, da kalmomin da manomi da ma'aikacin daji za su fahimta iri ɗaya, aiki ne da ya dace da sashe irin namu, kuma kalmomin da muka gabatar a kashi na 2 shawara ce da muke jiran gyaran abokan aiki a kanta.